Saƙon Ƙarfe Sha Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin koyarwa har ya kwana biyu, da wuya bai ji muryar Inna Jummai tana fitowa daga wayar wani ba. Murya ce mai kauri, ba ta gaggawa, kuma ba ta taɓa farawa da zancen abinci. Sai ta yi sallama, ta tambayi mai jiki, ta yi wa mai jinya sannu da ɗawainiya, sannan can ƙarshe, kamar wadda ta tuna da wani abu, ta ce yau dai akwai faten wake idan ana so.

Gidanta yana Gyadi-Gyadi, a wani lungu da adaidaita sahu ke shiga da dabara. Shekara tara ke nan tana dafa wa marasa lafiya abin da likita ya yarda su ci. Na masu ciwon ƙoda daban, na masu suga daban, ga kunu mai ruwa-ruwa na waɗanda aka yi wa aiki. Ba ta da shago, ba ta da allon talla a ƙofar gida. Kasuwarta kaf tana cikin wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, kuma da yake ba ta yi boko ba, da baki take komai. Tana idar da lazimin safe za ta zauna a kujera 'yar tsugunne a ƙofar kicin, ta danna, ta yi magana, ta saki, mutum bayan mutum.

Autarta Zahra'u ce ke rubuta mata sunayen mutane a wayar, kuma yadda ta faɗa haka ake rubutawa. Shi ya sa idan ka duba ba za ka ga sunaye irin na mutane ba. Akwai Ƙoda Ba Gishiri, akwai Tsohuwa Ba Haƙori, akwai Nas Mai Juna Biyu. Akwai ma wani da aka rubuta A Bari Ya Fara Magana, don jikin mahaifinsa ya yi tsanani, ita kuwa Inna ba za ta yi wa mutum tallar fate a safiyar da wataƙila likkafani yake nema ba.

Zahra'u ta gama difloma, tana kula wa wasu shaguna biyu da shafukansu na intanet, kuma ta yi wani kwas na wata uku a kan tallar zamani wanda har yau mutanen gidan ba su huta da jin labarinsa ba. Yarinya ce mai kirki da kaifin kai. Illarta guda ce, idan ta fahimci abu sai ta ɗauka ta gama fahimtarsa.

"Inna, abin nan da kike yi fa shi ake koyarwa yanzu," ta ce wata safiya tana jajjagen albasa. "Malaminmu ya ce zamanin watsa wa kowa talla iri ɗaya ya wuce. Sai ka san waye mutum, yana ina, wane hali yake ciki, ƙarfe nawa ne, sannan ka yi masa magana. Context ake ce masa."

"To madalla. Ashe ni ma 'yar boko ce ban sani ba."

"Amma ke awa biyu kike ɓatawa kullum. Da za ki bar min wayar nan sati ɗaya, da kin ga aiki."

"Allah ya kai mu," in ji Inna, ta ci gaba da tsintar wakenta.

A cikin duk saƙonnin Inna akwai guda ɗaya da ba ya canzawa, kuma ba da sassafe take tura shi ba. Ƙarfe sha ɗaya daidai, ko me take yi, sai ta goge hannu a zani ta ɗauki waya. "Salamu alaikum, Malam Lawan. Akwai kula guda zuwa asibiti, in kana kusa. Ka taimaka." Iyakarsa ke nan.

Lawan direban adaidaita sahu ne, mutumin wani ƙauye a bayan Kibiya, yana haya a ɗaki ɗaya a Darmanawa. Dogo ne, siriri, maganarsa a rana ba ta cika hannu. Inna ta san shi ta dalilin matarsa Husaina, wadda ta yi wata biyar tana fama da ciwon ƙoda, kuma a ƙarshe abincin Inna kaɗai yake zama a cikinta. Allah bai ba su haihuwa ba. Kwana uku kafin rasuwarta Inna ta je duba ta, sai Husaina ta jira Lawan ya fita sallar la'asar, ta kamo hannun Inna ta riƙe.

"Inna, ga amana. Mutumin nan yana da suga, kuma ba ya cin abinci sai an ajiye masa a gaba. In aka ƙyale shi, biredi ne da lemon kwalba har rana ta faɗi. Amma don Allah kar ki ba shi da sunan kyauta. Gara ya faɗi a titi da ya ci abin tausayi, na san halin kayana. Ki san yadda za ki yi da shi."

Inna ta karɓa. Bayan an yi bakwai ta yi sati guda cur tana juya maganar a ranta, ba ta faɗa wa kowa ba, har ta samo dabara. Tun daga ranar, Lawan yana zuwa ɗaukar kula sai ya tarar ba a gama haɗa ta ba. Ba a taɓa gamawa kafin ya zo ba, ko sau ɗaya. Inna za ta leƙo ta ce ya ɗan zauna a soro minti biyu, sai ga ta da kwano. "Ɗanɗana min na masu sugan nan, Malam Lawan. Ni bakina ya mutu, kai ka san yadda ya kamata ya kasance." Kwanon kuwa cike yake da faten acha ko tuwon alkama, ga cokali, ga kofin ruwa a gefe. Shi kuma zai zauna a kan benci ya cinye, ya ce, "Ya yi, Inna," ya ɗauki kula ya wuce asibiti. Wata takwas suna haka.

Zahra'u ba ta san da maganar Husaina ba, amma ba makauniya ba ce. Ta daɗe da gane cewa ɗanɗanon nan ciyarwa ce aka yi wa lulluɓi. Abin yana ba ta tausayi, yana kuma ba ta dariya, don a ganinta manya suna son kewaye-kewaye a inda magana ɗaya za ta wadatar.

Ana nan sai aka sa wa Inna ranar aikin ido, za a cire mata yana. Likita ya ce sati biyu ba hayaƙi, ba sunkuyo, ba ƙura wa waya ido. Wanda ya san Inna ya san in tana cikin gidan nan ba abin da zai hana ta leƙa tukunya, don haka aka yanke ta yi zaman a gidan ƙanwarta Saude a Daurawa. Girki da waya duk suka dawo hannun Zahra'u, wadda dama tun tana firamare take tsaye a gefen murhun uwarta.

Ranar tafiya Inna ta miƙa mata wayar kamar mai miƙa jariri. "Ga ta nan, kin daɗe kina so. Ki yi bokonki yadda kika ga dama. Amma na ƙarfe sha ɗaya, ki faɗa yadda nake faɗa. Kar ki ƙara, kar ki rage."

"An gama, Hajiya Inna."

Gaskiya a faɗe ta, yarinyar ta yi aiki. A yini ɗaya ta karkasa mutane kashi-kashi. Ma'aikatan jinya masu aikin safe suna samun hoton abinci ƙarfe sha biyu, daidai lokacin da cikinsu ya fara kiran ciroma. Masu jinyar waɗanda aka yi wa aiki ba sa ganin hoton tuwo, sai kunu da romo. Ɗaliban likitanci da ke karatun jarrabawa ta gano ba sa buɗe saƙo sai bayan la'asar, sai ta bi su a haka. A Bari Ya Fara Magana kuwa ba ta taɓa shi ba. Ta samo wani magidanci mai babur ɗin kai saƙo, Ɗan'azumi, yana kwashe kuloli gaba ɗaya a tafiya guda. Kafin kwana uku sai da ta ƙara tukunya.

Kwana biyun farko ta bi umarnin Inna. Ta ware kula guda ta hana Ɗan'azumi, ta tura saƙon sha ɗaya kalma da kalma, Lawan ya zo ya ci ya tafi. A rana ta uku aka tashi da ruwan sama. Ya iso sha biyu saura, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta gefe ɗaya, yana ba da haƙurin makara wai daga Sabon Gari ya taho ba fasinja. Zahra'u ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon wuyansa da ya zurma a cikin riga yana cin fate, sai ta ji ƙwalla ta taho mata. Mutum ba lafiya, ba mata, a ce sai ya ƙona mai ya keto ruwa tun daga Sabon Gari don kwano ɗaya? Ta ga wannan ba adalci ba ne, kuma ta ga ita ce za ta gyara.

Washegari ƙarfe sha ɗaya ta zauna a kujerar Inna. Sau uku tana ɗaukar muryar tana gogewa, don tana son ta fito da taushi.

"Malam Lawan, barka da hantsi, Zahra'u ce. Mun san kana fama da suga, kuma tun rasuwar Anti Husaina ba mai dafa maka. Daga yau ba sai ka wahalar da kanka da kai kula ba. Kullum akwai kwanonka a gidan nan, kyauta, Allah ya kai ladan kabarinta. In ka samu zuwa shi ke nan, in ba ka samu ba a aiko maka."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta san waye shi, ta san inda yake, ta san halin da yake ciki, ta kuma tura a lokacin da ya saba ji. Da malaminta zai saurara da ya ba ta maki cikakke. Ta ajiye wayar tana jin daɗi a ranta, irin daɗin wanda ya yi abin alheri da hannunsa.

Sai bayan awa guda amsa ta shigo, daƙiƙa huɗu. "Na gode. Allah ya saka da alheri." Bai zo ba ranar.

Washegari ta koma tsohon saƙon, na kula guda zuwa asibiti. Ya ce yana nesa yau. Rana ta gaba ko buɗewa bai yi ba. Ta zuba fate a kwano mai murfi ta ba Ɗan'azumi ya kai Darmanawa, ya dawo da shi yadda ya tafi da shi, ya ce mutumin ya karɓe shi da mutunci amma ya ce ya ƙoshi, a ba wa mabukata. Zahra'u ta ajiye kwanon a kan bencin soro, ta daɗe tsaye a kansa.

Kullum bayan azahar Inna tana kira da wayar Saude. Ba ta tambayar tukunya nawa aka sauke, tambayarta ɗaya ce. "Lawan ya zo?" Zahra'u ta ce yau bai samu zuwa ba. Washegari ta ce da alama aiki ya yi masa yawa. A rana ta huɗu Inna ta ce, "Ki zo ina son ganinki, ko da ido ɗaya ne."

Ta same ta a falon Saude, zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, da baƙin tabarau kamar wata mawaƙiya. A wani lokacin da Zahra'u ta tsokane ta. Yau kuwa durƙusawa ta yi ta gaishe ta, ta kunna saƙon ta ajiye wayar a tsakaninsu.

Inna ta saurara har ƙarshe. "Sake kunna min." Aka sake. Ba ta yi faɗa ba, kuma Zahra'u ta fi son a ce ta yi.

"Inna, me na faɗa da ba gaskiya ba?"

"Babu. Duk gaskiya ne, shi ya sa ya yi zafi." Ta ja numfashi. "Ke kin ɗauka bai san matarsa ta mutu ba? Bai san ba mai dafa masa ba? Da shi yake kwana, da shi yake tashi. Wata takwas ina kiran mutumin nan don ya taimake ni. Ke rana ɗaya kin kira shi don ki taimake shi."

Daga nan ta ba ta labarin Husaina, da hannun da ta riƙe, da abin da ta ce game da biredi da lemo. Tana faɗa tana share hawaye ta ƙasan tabarau. "Yau kwana huɗu. Mai suga, yana tuƙi a kan titi, ciki ba abin kirki. In wani abu ya same shi, me zan ce mata ranar da muka haɗu?" Ta fara laluben mayafinta wai a kira mata adaidaita. Saude ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai dai ta bi ta kanta, kuma ta daina kukan nan kafin ta ɓata aikin likita.

"Ni zan je, Inna," in ji Zahra'u. "Zan ba shi haƙuri."

"In kin ba shi haƙuri kin maimaita masa ke nan. Zai ce ba komai, ya yi miki godiya, ba zai ƙara taka lungunmu ba."

"To me zan ce masa?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Ni ma sati guda na yi kafin na samo nawa."

Zahra'u ta fito bakin titi. Kunya take ji, da tsoro, da haushin kanta. A cikin adaidaitar da ta ɗauko ta zuwa gida ta dinga bin saƙonnin wayar ɗaya bayan ɗaya, don kawai kar ta yi kuka a gaban mutane. A nan ta ci karo da wani saƙo da ta ji tun shekaranjiya ta yi banza da shi don ya ɓata mata rai. Wata ma'aikaciyar jinya ce, Ummi, wadda mahaifinta mai suga yake kwance. Cikin ladabi ta ce Baba ya ture faten achan, ya ce wannan ba hannun Jummai ba ne, ko lafiya? Akwai wasu biyu ma da suka yi irin wannan ƙorafin. Zahra'u ta san ta bi duk abin da ta saba gani, amma ita ba ta taɓa cin na masu suga ba, ta fi son shinkafa da mai da yaji. Inna kuma ba ta awo, da ido da hannu take zubawa, in ka tambaye ta sai ta ce daidai misali.

Sai da suka zo danja ta lura da abin da yake gabanta tun tuni. A duk faɗin Kano mutum ɗaya ne ya ci wannan faten kusan kullum har wata takwas.

Washegari ta sallami Ɗan'azumi da kulolinsa da wuri, ta zuba fate a ƙaramar kula, ta sa cokali a jaka, ta nufi inda masu adaidaita ke jiran layi kusa da kasuwar Tarauni. Sai da ta tambayi mutum uku kafin aka nuna mata. Ya faka can gefe a inuwar wani shago, ba ya cikin layi. Yana zaune a kujerar baya ya jingina kai da ƙarfe, idonsa a rufe. Ya faɗa sosai a kwana biyar ɗin nan, leɓɓansa sun bushe. A gefensa ga ledar biredi da kwalbar lemo an sha rabi.

Ta yi sallama. Ya buɗe ido, ya gyara zama, ya tura ledar bayansa. Suka gaisa, ya tambayi idon Inna. Sai ya ga kular, fuskarsa ta rufe.

"Na ƙoshi, Zahra'u. Na gaya wa mai babur ɗin."

"Ba abinci na kawo maka ba, Malam Lawan. Matsala na kawo maka." Ta ciro wayar. "Saurari wannan."

Ta kunna masa saƙon Ummi, sannan sauran biyun. Ya saurara kansa a ƙasa.

"Tun da Inna ta tafi nake dafawa," ta ce, "kuma wallahi ban san abin da nake ɓatawa ba. Na tambaye ta, ta ce daidai misali. Dattijon nan kwana biyu ke nan ba ya cin na kirki, kuma an ce sai ya ci ake yi masa allura. Ni ban san ɗanɗanon nata ba. Kai ka sani."

Ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, irin kallon mai neman inda aka ɓoye tarko. Ita kuwa ba ta kau da kai ba, don wannan karon ba abin da ta ɓoye. Da gaske ta rasa yadda za ta yi, kuma ya gani a fuskarta.

Ya miƙo hannu ya karɓi cokalin. Ya buɗe kular, ya ɗebi kaɗan, ya tauna a hankali.

"Wannan ba na Inna ba ne."

"Na sani."

"Zogalen ya dahu da yawa. Nata sai ta kusa saukewa take zubawa, kana jin sa a haƙori." Ya ƙara cokali ɗaya. "Daddawa ta yi kaɗan. Kuma akwai ɗan tsami a nata, can ƙasa-ƙasa. Yakuwa ce, ba ta da yawa, kamar ganye biyar."

Zahra'u ta tuna da 'yar ledar busasshiyar yakuwa da ke rataye a bayan ƙofar kicin, wadda ta ɗauka ta miyar gida ce. Ta shiga rubutawa a waya da sauri. Wannan mutumin da ba a taɓa jin ya haɗa jimla uku ba, sai ga shi yana bayanin yadda achar Inna take tashi warwar ba ta caɓewa, da yadda take yanka albasa manya. Yana magana yana ɗiba, wai don ya tabbatar. Zahra'u ta ƙura wa wayarta ido ta ƙi kallon kular, har ta ji cokali yana karo da gindinta. Ta sayo masa ruwan leda a shagon, ya sha, ya yi hamdala. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ya rufe kular ya riƙe ta a cinya, bai miƙo ba tukuna.

"Zahra'u."

"Na'am."

"Ɗanɗano cokali ɗaya ne, ba kwano ba. Tun ranar farko na sani." Ya ɗan yi murmushi, na farko da ta taɓa gani. "Matar da ta shekara tara tana dafa abu ba ta bukatar direban adaidaita ya gaya mata ya yi. Amma ta bar ni ina shigowa gidanku da ƙafata, a matsayin wanda aka kira aiki. Ban san da me zan saka mata ba. Kar ki gaya mata na sani."

"Ba zan faɗa ba."

Wani mai adaidaita ya wuce yana kiran Zoo Road. Lawan ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya yi tambayar ba tare da ya juyo ba.

"Husaina ce ta sa ta, ko?"

Zahra'u ta mayar da wayar cikin jaka. Amanar ba tata ba ce, ba ta da ikon buɗe ta, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba. Shi ma bai jira amsa ba.

"Haka take min ita ma," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya. Sai ta ce wai ba ta iya cin abinci ita kaɗai." Ya sa gefen hannun riga ya goge ido, ya miƙo mata kular. "Hau in sauke ki, hanyata ce."

Ba hanyarsa ba ce, ta sani, amma ta hau. Ta yi kukanta a kujerar baya a hankali, shi kuma bai duba madubi ba har suka shiga lungu.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara, lambar Saude.

"Lawan ya zo?"

"Ya ci, Inna. Ya ce daddawa ta yi kaɗan, kuma ban sa yakuwa ba."

Daga can ɓangaren Zahra'u ta ji wata ajiyar zuciya mai tsawo, dariya ta biyo bayanta. "Ji min mutum. Wata takwas bai taɓa kushe nawa ba." Sai muryar ta yi ƙasa. "Allah ya yi miki albarka, auta."

Da safe Zahra'u ta zuba zogalen a ƙarshe, ta ƙara daddawa, ta ƙirga ganyen yakuwa biyar. Ta tura wa masu jinya nasu saƙon, ta tura wa Ummi cewa a gwada wa Baba na yau. Da Ɗan'azumi ya zo ta ba shi kuloli duka ban da guda ɗaya, ita ma ta bar ta a buɗe ba ta haɗa ba. Ta share soro, ta goge benci, ta ajiye kofin ruwa.

Ƙarfe sha ɗaya ta zauna a kujerar Inna, ta goge hannu a zani, ta danna. Sau ɗaya ta ɗauki muryar.

"Salamu alaikum, Malam Lawan. Akwai kula guda zuwa asibiti, in kana kusa. Ka taimaka."

Ba ta kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo.

"Ina kusa."